Ɗan Ƙwalisa da Shukar da Ta Ƙi Mutuwa

Mai askin da ke kwanar layi, wanda ake kira Ɗan Ƙwalisa, ya haura arba'in bai taɓa aure ba, amma 'yan matan da ya nema sun fi gashin da yake sharewa a shago. Ba ya kai wa budurwa turare ko yadi kamar sauran maza. Shi shukar fulawa yake kaiwa, a 'yar tukunyar roba.

Kuma ba kowace yake ɗauka ba. In ya je wajen mai sayar da fulawa, sai ya tsallake masu kaurin ganye da ke jure ƙishi, ya nuna mai laushi, wadda ko harara aka yi mata sai ta langaɓe. Ya miƙa wa yarinya yana lumshe ido, ya ce, "Zuciyata ce wannan. Yadda kika riƙe ta, haka za ki riƙe ni."

Kafin wata ya zagayo shuka ta bushe, shi ma dama ya gaji. Sai ya tsaya kan tukunyar yana girgiza kai kamar mai ta'aziyya. "Wadda ta kasa da ganye, ina za ta iya da mutum?" Ya kaɗe riga ya tafi, ya bar 'yar mutane tana kuka, tana ganin laifin kanta.

Ana haka ya haɗu da wata bazawara mai ɗinki, da ke zaune da mahaifiyarta a bayan kasuwa. Ya kai mata irin wadda ya saba, ya karanto mata haddarsa. Ta ce, "To, na gode," ta ci gaba da taka keke.

Matar nan ta huda gindin tukunyar don ruwa ya riƙa tsiyaya, ta gauraya ƙasar da yashi, ta ajiye ta kusa da taga inda haske ke shiga amma rana ba ta duka. Ba ta zuba ruwa sai ta tsoma yatsa ta ji ƙasa ta bushe. Shuka ta yi tofo har aka sauya mata babbar tukunya. Duk zuwan da gogan zai yi, sai ya tarar ta ƙara kyau, ya rasa hujjar guduwa. Tsohuwa kuma ta fara tambaya: "Ɗana, yaushe manyanka za su zo?"

Da namijin kirki ne, da ya buɗe baki ya ce ya fasa. Shi kuwa gishiri ya ƙulla a leda ya sa a aljihu. Ran nan mai ɗinkin ta shiga ciki kawo masa ruwa, ya durƙusa gaban tukunyar, yana tona ƙasa da mukullin shagonsa yana zazzagawa. Bai san tsohuwar na bayan labule tana yanke farce ba.

"Ɗana, miya kake haɗawa?"

Ya zabura, leda ta fashe, gishiri ya watsu har kan takalminsa mai sheƙi. Wai taki ne na zamani. Tsohuwa ta dangwala ta lasa, ta ƙwala wa 'yarta kira.

Mai ɗinkin ta dubi ƙasa, ta dube shi. Ko murya ba ta ɗaga ba. "Malam, in ba ka so, ai ƙofa a buɗe take. Ita shukar me ta yi maka?" Ta miƙa masa tsintsiya, ta ɗauki tukunyar ta fita sauya ƙasa. Haka ya duƙa ya share falon tas cikin sabuwar rigarsa, matan da suka zo karɓar ɗinki suna kallo.

Su suka yaɗa labarin. Tun daga nan, duk gidan da ya dosa da tukunya a hannu, tun daga ƙofa ake tambayarsa ko ya taho da gishirinsa. Yanzu furfura ta cinye rabin kansa, yana rufe ta da baƙin rini, yana gaya wa masu zuwa aski cewa matan zamani ba su san soyayya ba. Sukan ce masa, "Haka ne," tunda reza na hannunsa.