Kaset Shida na Irmiya

Duk wanda ya ce mini sakaci ne ya kori Irmiya daga aiki, wallahi sai mun ɓata da shi. Shekara bakwai muna tare a wata ma'aikata nan Sakkwato, ni Dijatu ina kan teburin haɗa waya, shi yana kula da injin wayar. Mutumin Kagoro ne, yana haya a Ƙofar Atiku da matarsa Tabita da 'ya'ya biyar. Kullum yana bisa keke, aljihunsa cike da sukundireba.

Injin nan lokacin da kuɗin mai ya yi ambaliya aka sayo shi. Kamar kabad yake, cikinsa faranti-faranti da ake zarewa a mayar, kowanne na riƙe da layi takwas. Aibinsa ɗaya: duk abin da aka tsara masa, wace lamba ke buga wane ofis, wa ke da izinin kiran Legas, a kansa yake riƙe. Wuta ta ɗauke, batir ya mutu, ya manta tas. Shi ya sa duk Juma'a, in maza sun tafi masallaci, Irmiya ke zama ya juye tsarin cikin kaset irin na rediyo, ya rubuta kwanan wata, ya sa a durowa. Guda shida ne yake juyawa, bai taɓa fashi ba.

Shekarar da soja suka sake karɓar mulki aka kawo mana Alhaji Sodangi shugaban sashe, mutum mai son leƙa abin da bai shafe shi ba. Mahaifin Irmiya ya rasu, ya ɗauki hutun sati ya tafi gida. Ai kuwa Sodangi ya faɗo ɗakinmu yana jan durowa. Ya ɗauki kaset ɗaya ya kai rediyon motarsa, ya dawo yana yamutsa fuska.

"Waɗanga duk sun lalace. Ba komi ciki sai ƙiii kamar gyare."

Na ce, "Ranka shi daɗe, na injin ne, haka kukansu yake."

"Ke mi kika sani? Tsaya ga aikinki."

Ya kwashe su duka. Ashe sunan jikansa za a yi, yana neman abin ɗaukar kiɗa. Kiɗa fa, jama'a!

Ranar Talata da rana aka yi ruwa da tsawa, wuta ta yi kwana uku babu. Da ta dawo, injin ya zama gunki. A satin ne kuma kwamitin soja ke zagaya ma'aikatu yana neman waɗanda za a sallama. Wani manjo ya ɗaga waya a ofishin Sodangi, shiru. Ya tambayi wa ke kula da ita. Sodangi ko kunya babu ya ce Irmiya, ga shi ma ba ya nan.

Da Irmiya ya dawo, Sodangi ya turo masa kaset ɗin cikin leda. Ya gwada su ɗaya bayan ɗaya, injin ya ƙi karɓa. Ya sa a ƙaramin rediyona, sai kalangu da guɗa suka cika ɗakin. Ya juyo gare ni ya ce, "Malama Dija, lambobin nan suna kanki?"

Suna kaina. Kwana huɗu ina faɗa yana bugawa, layi saba'in da biyu, har kowace waya ta yi ƙara inda ya kamata. Na ce masa mu je mu faɗi gaskiya, ni shaida ce. Ya ce wa zai saurari wanda ya tafi hutu a kan mai gida? Ni kuma, Allah ya isa tsakanina da tsorona, na yi shiru don ina da marayu.

Ranar Litinin layin Sodangi ya haska a gabana. Ya ce in haɗa shi da ɗakin inji. Na haɗa, kuma ban sauke ba, na ji da kunnena yana ce wa Irmiya ya zo ya karɓi takardarsa, an sallame shi nan take. Muryar ta fita garau, ko ƙarar sauro babu a layin. Irmiya ya ce, "To, ranka ya daɗe," ya ajiye.

Ya koma gyaran rediyo bakin kasuwa. Sodangi kuwa ƙarin girma aka yi masa, kuma shekara uku ina haɗa masa waya ina gaishe shi.