Ƙasar da Ta Tsage a Gabas da Ƙauyenmu

Mun tashi da asuba daga Sakkwato, ni da abokin aikina, bayan motar cike da wayoyi da na'urorin jin girgizar ƙasa. Kawuna ne ya kira ni daga ƙauyenmu da ke gefen Tsamaye. Bayan ruwan farko ƙasa ta tsage a gonakin gabas, anka ji ruri daga ƙarƙashi. Sai wani ya nuna wa mutane bidiyon dutse mai aman wuta, ya ce irinsa ne zai fashe. Wasu gidaje har sun fara ɗaure kaya, ga shuka ta zo. Kawu ya san na yi shekaru ina binciken cikin irin wannan dutse a Kamaru. Ya ce, "In karatun ga naka na da amfani, to ka taho."

Hanyar Goronyo ta jijjiga mu sosai. A kowane shinge sai jami'an tsaro sun leƙa wayoyin nan, ni kuma in sake bayani daga farko. A Sabon Birni munka sha fura mai tsami, munka aje mota. Kuɗin kabu-kabu ya ninka na bara, kuma masu babur sun ce kada la'asar sakaliya ta same mu a daji. Ba mu yi musu gardama ba.

Tsagar ta fi yadda na zata tsawo, amma da na sa hannu ciki sanyi na ji. Na san babu wuta ƙarƙashin ƙasar Gobir, sai dai maganar baki ba za ta kwance kayan da anka ɗaure ba. Munka jera na'urorin a ƙasa kamar turaku, munka aza farantin ƙarfe. A Kamaru dutsen da kansa ke girgiza, mu saurara. Inda girgizar ta rage gudu, can narkakken dutse yake, kwamfuta ta zana hoton kamar na mai ciki a asibiti. Nan kuwa sai mun tada girgizar da kanmu, mu bugi farantin nan da guduma. Maƙerin gari ya karɓi guduma, ya ce wannan ba aikin 'yan boko ba ne.

Bugu na uku shanu sunka ratso, takunsu ya ɓata komai. Bafillacen da ke kiwonsu ya tsayar da su can nesa, ya dawo ya tsaya kallo har munka gama.

Da hoton ya fito na juya wa dattawa shi. Babu wuta. Rami ne dogo, ruwa ya rarake yashi ƙarƙashin laka, rufinsa ne ke faɗawa yana ruri. Kuma ya miƙe har ƙarƙashin hanyar da mata ke bi zuwa rijiya.

Wata tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, a taƙaice, mu tashi ko mu shuka?"

Na ce, "Ku shuka, Inna. Amma hanyar rijiya a canza ta yau."

Kafin mu gama tuwon dawa da miyar kuka, maza sun fara jan ƙaya suna rufe hanyar. Kawu bai yaba ba, ƙara mini nama kawai ya yi.

Mun iso Sakkwato bayan magariba, bayana kamar an daka. A hanya na yi ta tunanin cewa tsoron mutanen nan ba wauta ba ne. Sun ji ƙasa tana magana, kuma da gaske akwai haɗari, wurinsa ne kawai sunka kuskure. Bayan kwana biyu Kawu ya kira ya ce an yi ruwa, kowa yana gona.