Ƙishirwar Maigidana

Shekarun baya, kafin babban farin nan da ya cinye mana dabbobi, maigidana ya faɗi a bakin rijiya a Tenhiya yana riƙe da kai, yana cewa kamar an sare shi da gatari. Sati biyar muka yi a asibitin Damagaram. Likita ya ce wata jijiya ce ta kumbura ta fashe, jini ya zuba a kewayen ƙwaƙwalwa, kuma yawancin waɗanda abin ya samu ba sa tashi. Shi ya tashi. Muka yi sadaka, na ɗauka an gama.

Ashe ƙishirwa muka kwaso. Mutumin nan sai ya shanye tulu guda kafin azahar, ya zagaya bayan gida, ya dawo ya miƙo ƙwarya. Ga kasala, ga jin sanyi a tsakiyar bazara, gemunsa har ya fara zubewa. Rijiyarmu gaba talatin ce, kuma ni ke ja. Tafin hannuna ya tsage, ya warke, ya sake tsagewa.

Wata rana na gaji. Na ɗauke tulun na kai ɗakin maƙwabciyata.

Ya ce, "Uwar yara, ina ruwan?"

Na ce, "Malam, raƙumi ma yana haƙuri. Ka saba wa kanka ne kawai."

Ni a dole na zama likita. Ya juya ya fita.

Da la'asar maƙwabciyar ta shigo da gudu, ta ja ni. Na tarar da shi durƙushe a komin shayar da dabbobi, yana sha tare da awaki, mata na tsaye da gugansu suna kallo. Mutumin da ake kira ya sasanta rigimar makiyaya. Na kama shi muka taho gida.

Washegari muka hau motar kasuwa zuwa Tanut, malamin asibiti ya sake tura mu Damagaram. Can likita ya ce akwai wani ɗan abu a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, bai fi ƙwayar wake ba, shi ke umartar jiki ya riƙe ruwa, ya yi ɗumi, ya yi ƙarfi. Zubar jinin ta lalata shi. Na tambaya ko da haƙuri zai iya rage sha. Ya dube ni ya ce, "In an hana shi ruwa, mutuwa zai yi."

Aka ba shi ƙwayoyi da wani magani na shaƙa ta hanci. Ƙishirwar ta lafa, amma ƙarfinsa bai dawo duka ba, kuma duk lokacin da magani ya yanke sai mu koma gidan jiya. Haka muka yi shekara tara, har Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu in na ga mai jinya tana yi wa marar lafiya tsawa, ba na iya zaginta, na san inda gajiya ke kai mutum. Abin da ke cina shi ne maigidana bai taɓa tayar da zancen ranar nan ba. Na yi ta jira ya tayar in roƙi gafara, shi kuma bai tayar ba.