Mai Agogo da Takardar Wakilci

Shekara arba'in da ɗaya Mai Agogo ya yi a wani siririn shago ƙarƙashin matakalar bene, gilashin gyara maƙale a idonsa na dama. Bai taɓa rubuta wa kowa rasit ba. In an kawo gyara, sai ya ɗaura wa agogon zare, kowane mutum da irin launinsa da irin ƙullinsa. Daga shi sai 'yarsa, wadda ta girma tana miƙa masa hantsaki, suka san wane ƙulli na wane ne.

Da hannunsa ya soma rawa, likita ya ce sai ya kwanta asibiti wata uku. Aka kai shi wurin lauya domin ya naɗa wakilin da zai riƙa sa hannu a madadinsa.

"Baba, wa ka zaɓa?" in ji lauya.

'Yar tana gefensa, riƙe da sandarsa. Bai dube ta ba. Ya nuna ɗansa, ma'aikacin ofis, wanda rabonsa da shagon tun yana firamare.

"Shi ya san takarda."

"A taƙaita masa iko, ko a sakar masa duka?"

"Haba, Lauya! Ɗan da na haifa zan yi wa shinge?"

A mako na biyu ɗan ya buɗe aljihunan teburin shago, ya tarar da agogo jibge, babu ko guntun rubutu.

"Yaya, na mutane ne," in ji ƙanwarsa. "Bar ni in kai wa kowa nasa."

"Ke da Baba kun mai da shago gidan tarihi. Ina shaidar na mutane ne? Zare?"

Ya kira 'yan gwangwan suka auna a sikeli suka saye, ya mayar wa mai ginin makulli.

Da aka sallami tsohon, ya tarar ana sayar da rigunan waya a inda teburinsa yake. Ya koma wurin lauya domin ya soke wakilcin.

"Soke wakilci ba wuya, Baba," lauya ya ce. "Amma abin da ɗanka ya riga ya zartar da sunanka, kai ka zartar."

Masu agogo suka soma bin sa gida. Ta farko wata tsohuwa ce, matar wani direba da ya rasu; agogon mijinta take so ta ba jikanta. 'Yar ta miƙe za ta ba ta haƙuri.

"Zauna," ya ce. "Ba ke kika yi ba."

Ya dafa bango har bakin ƙofa.

"Malam, ya ƙarfin jiki? Na ce ko an gama?"

"An gama tun kafin in kwanta, Hajiya. Yana tafiya daidai, ko daƙiƙa ba ya ɓatawa."

Ta miƙo hannu.

"Ba ya nan. Na sayar."