Ruwan da Malam Sada Ya Kawo Mani

Ina zaune ni kaɗai a ofis, babu abin da ke motsi sai fanka, sai na ji sallama. Wani dattijo ne riƙe da 'yar jarka.

Lokacin ba a daɗe da komawa mulkin farar hula ba. Ni ke kula da haƙar rijiyoyin burtsatse a ƙauyukan kudu da Katsina. Wani babba ya ce a ɗauke rijiyar wani ƙauye a kai gidan gonarshi, na ƙi sa hannu. An haƙa ta a ƙauyen, ni kuma aka maido ni wannan ɗakin da babu aiki. Abokan da muke cin abincin rana tare duk suka daina leƙo ni.

Sai da dattijon ya zauna muka gaisa sannan na gane shi. Malam Sada ne, mai unguwar ƙauyen.

Ya ce, "Injiniya, ranar buɗe rijiya mun duba cikin manyan baƙi, ba mu gan ka ba."

Na ce, "Ba a gayyace ni ba, Baba."

Sai ya turo mani jarkar. "To ga ruwanta. Matan garinmu suka ce lallai sai ka ɗanɗana."

Na ɗaga jarkar na sha. Da aka yi azahar ya tafi neman mota, na koma kujerata.

Har na yi ritaya, baƙon da ya taɓa zuwa ɗakin nan domina ke nan. Ku fa, wa ya tuna da ku lokacin da kowa ya janye jiki?