Sanyin Ɗakin Santiral

Yawancin shekarun ƙarfina na yi su ne a wani ɗaki marar taga, a ƙasan benen wani kamfanin shigo da kaya a unguwar Bani Malik da ke Jidda. A nan aka girke santiral, wato na'urar da ke karɓar duk wani kiran tarho na kamfanin ta rarraba shi ofis-ofis. Akwatunan ƙarfe ne masu tsayin mutum, jere a jikin bango, ni ne kuma mai kula da su. Na yi karatu a zamanin da malami ba ya barin ɗalibi ya taɓa waya sai ya zana hanyarta da hannu, saboda haka ba na jin nauyin cewa na san aikina.

A wancan lokaci, duk masana'antar da ke ƙera santiral ita ke ƙera ƙwaƙwalwar na'urarta da kanta. Wanda ya laƙanci ta wannan baƙo ne a gaban ta wancan. Tamu kuwa halinta shi ne rashin jure zafi. Da ta ji ɗumi sai ta shiga yanke wa mutane magana. Don haka aka sa wa ɗakin mukayyif biyu, wato na'urorin sanyaya ɗaki, ba a kashe su ko ranar salla, aka damƙa mini makulli.

Wanda ya san Jidda da tsakar rana ya san darajar wannan makulli. Da an idar da azahar sai in ji ƙwanƙwasa. Direbobi ne da masu shara, da wani dattijo mai dafa wa kamfanin shayi, Bahaushen Sudan mazaunin unguwar Kurayyat. In shimfiɗa musu darduma a gaban akwatunan. Dokata ba ta da yawa: takalmi a waje, shayi kuma ba ya ƙetare ƙofa.

"Muhandis, bari in fara gaida mai gida," in ji dattijon, wanda ke kirana injiniya da Larabci, yana ɗaga wa akwatunan hannu. "Don ita aka yi sanyin nan. Kai ma ɗan raɓe ne kamar mu."

"Alhaji, ɗan raɓen da ke riƙe da makulli. Ka ƙara magana ka koma wajen butarka."

Sai ya yi dariya ya miƙe ƙafa. A ƙasar da ban mallaki ko taku ɗaya na fili ba, inda zamana ya rataya a kan iƙama, wato takardar izinin zama, da sa hannun kafilin da ya tsaya mini, ina da ƙofar da nake buɗewa in ce wa mutum bismillah. Ban san girman abin ba sai daga baya.

Sannu a hankali masu ƙera santiral suka ga babu dalilin wahalar da kansu, tunda ga ƙwaƙwalwar da ke cikin kowace kwamfutar ofis birjik a kasuwa, ga sauƙi, ga sauri. Suka koma amfani da ita. Ranar da tamu sabuwar ta iso, cikin kwali ɗaya ta zo, mutum guda ya ɗauko ta. Na buɗe murfinta kamar yadda na saba yi wa kowace baƙuwar na'ura, domin in ga hannun maƙerinta. Ban ga hannun kowa ba. Abin da ke cikin kwamfutar 'yata a gida shi na tarar.

Mudir, wato manajan kamfanin, ya ce tunda kwamfuta ce, a kai ta sama wajen 'yan uwanta, ɗakin ƙasa kuma a mai da shi sito. Na sa tufafina mafi kyau na je wurinsa. Na yi bayani a kan wayoyin da duk bakinsu a ƙasa yake, da wahalar jan su zuwa sama. Mutumin kirki ne, ya saurare ni har ƙarshe.

"Ya ammi, halas," ya ce, wato baba, magana ta ƙare. "Aikinka yana nan, iƙamarka tana nan, ga tebur mun ba ka a sama. Me kuma ya rage?"

Ba a ce wa mudir ya bar mukayyif biyu suna aiki domin mai shayi ya miƙe ƙafa. Ɗakin saman kuwa da kati ake buɗe shi, ba ya karɓar baƙo. Na ajiye makullin a kan teburinsa.

Washegari bayan azahar ƙafafuna suka kai ni ƙasa ba da shawarata ba. Ƙofa a buɗe, iskar ɗakin ta yi nauyi, har an fara jibge kaya. Ina juyawa na ji muryar dattijon daga ƙarƙashin matakala, ta wajen da ake ajiye motoci. Ya farke kwalin sabuwar na'urar ya shimfiɗa, direbobi biyu suna zaune a gefe, gumi yana bin wuyansu.

"Muhandis, bismillah," ya ce. "Takalmi a waje."

Na cire takalmina na zauna. Ya tsiyaya shayi ya miƙo mini.

"Sha. Nan gidan ba mu hana shi."

A nan na riƙa zama da azahar har na yi ritaya.