Haruffan Bwanaheri

A Kiwambani duk namijin da ya isa ɗaura zani teku yake shiga, ban da Bwanaheri Lali. Sau uku mahaifinsa yana sa shi a jirgi, sau uku ana dawowa da shi kwance a kan koma, ya amayar har da abin da ya ci shekaranjiya. A na ukun tsohon ya miƙa masa gwangwanin fenti ya ce, "Tunda cikin jirgi ya fi ƙarfinka, sai ka riƙe bayansa."

Shekara arba'in ya yi yana wannan sana'a. Yakan zana ido a goshin jirgi, kifi a haƙarƙarinsa, sannan ya rubuta suna. Sunan kuwa mai jirgi ne ke kawowa a takarda, shi dai ya kwafa, domin Bwanaheri bai san ko harafi ɗaya na boko ba. A wurinsa haruffa halittu ne, wani mai wutsiya, wani mai tumbi. In ya ga ɗaya ya tsaya shi kaɗai kamar maraya, sai ya juyo da fuskarsa ya dubi ɗan'uwansa. Duk gari an sani, ba wanda ya damu, tunda rubutu ba ya hana jirgi tafiya.

Ana nan sai Gidauniyar Pwani Njema ta sauka a garin da manufofi uku: fasaha, kare muhalli, da ilimi. Ukun nan duk suna bukatar alluna. Bwanaheri ya rubuta wanda ke hana sare itatuwan mikoko masu tsirowa a cikin ruwan bakin teku, aka kafa shi a kan sandunan mikoko, don babu wani icce a kusa. Ya rubuta na ƙwan kunkurun teku. Ya rubuta na ajin yaƙi da jahilci, ya yi masa ado da furanni.

Jami'ar gidauniyar, Bi Zuhura, 'yar Mombasa ce mai saurin tafiya da saurin tausayi. Wata rana ta zo da baƙi daga Nairobi, suka yi cirko-cirko gaban allon kunkuru suna ta ɗaukar hoto.

"Mzee, waɗannan haruffa da ka juya baibai," in ji ta, "saƙo ne ga duniyar da ta juya wa teku baya, ko?"

Bwanaheri ya dubi allon, ya dube ta. "Yadda kika ce, Bi Zuhura."

Kafin wata uku an kwashe tsofaffin katakan jiragen da ya yi wa fenti, har da ƙyauren banɗakinsa, an rataye su a wani farin zaure a Mombasa. Matarsa Somoe ta yi sati tana tare banɗaki da buhu. Shi kuwa aka ɗinka masa doguwar riga aka kai shi bikin. Masu kuɗi suka yi ta tsayawa gaban ƙyauren suna gyaɗa kai. Can wata 'yar jarida ta nuna masa wani katako ta ce ya karanto wa masu kallo abin da ke jiki.

"'Yata, ni rubutawa nake yi," ya ce. "Karantawa aikin wasu ne."

Zaure ya ɗauki tafi, an zaci hikima ce. Bi Zuhura kaɗai ta gane, idonta ya ciko. Suna komawa gida ta rubuta sunansa a ajin yaƙi da jahilci.

Bayan la'asar yake zuwa, ya zauna tsakanin mata masu soya kifi, gwiwoyinsa na dukan tebur. Ya ba malamar wahala, don yakan ce wani harafin bai dace ya zauna kusa da wani ba. Amma mutumin da ya shekara arba'in yana kallon haruffa ba baƙonsu ba ne. Cikin shekara biyu bakinsa ya buɗe.

Abin da ya fara karantawa da kansa a bakin teku shi ne jirgin amininsa Kupi, wanda ake kira Nahoda, wato matuƙin jirgi, jirgin da yake sabunta wa fenti duk bayan damina shekara goma sha biyar. Ya bi haruffan da yatsa. An rubuta: WANDA YA RUBUTA NAN BAI SAN ME YA RUBUTA BA.

Ya tarar da Kupi a rumfar gahawa yana tsoma mahamri, irin fankensu, a kofi.

"Kai, ɗan banza! Shekara sha biyar?"

Kupi ya ƙware don dariya. "Sha shida, malam. Lissafin ma sai an koya maka."

"Duk kun sani?"

"Har kifaye sun sani. Ɗan ƙanwata ya rubuta mini. To, ƙarya aka yi?"

Bwanaheri ya juya ya yi tafiyarsa. Da lokacin fenti ya zagayo ya ce zai yi wa jirgin sabon suna kyauta, suna mai albarka. Kupi, wanda shi ma boko ba ta taɓa shiga kansa ba, ya yi kwana tara yana yawo tsakanin tsibirai da NAHODA KAIFIN BAKI, KOMA BA KIFI kafin surukinsa ya karanta masa.

Daga nan Bwanaheri ya bi gari da buroshi yana gyara tsofaffin allunansa, kowane harafi ya miƙe ya fuskanci inda ya kamata. Bi Zuhura ta iso a guje, mayafi a hannu.

"Mzee, tsaya! Waɗannan kayan tarihi ne!"

"Kuskure ne, Bi Zuhura. Ajinku ne ya nuna mini."

Ya aika sababbin ayyuka shida Mombasa, masu tsabta, babu harafi ko ɗaya a karkace. Aka dawo da su da wasiƙa mai ladabi, ya karanta abarsa da kansa. An ce aikin ya yi kyau, sai dai ruhin ya fita daga ciki. Ya tambayi Bi Zuhura ko wane ruhi ne, ta ce abu ne mai wuyar bayani. A rahoton gidauniya na shekarar hotonsa ya fito sau biyu, a shafin fasaha da tsohon allo, a shafin ilimi da fensir.

Yanzu allunan shaguna yake rubutawa, da sunayen jirage, kuma ba ya taɓa buroshi sai ya karanta takardar sau biyu. Ya sayi tabarau. Duk guntun jaridar da aka ƙunso kifi ko albasa a ciki sai ya baje shi a tabarma ya karanta wa Somoe da ƙarfi, ko labarin ya kai shekara uku, ko rabinsa ya yage.

"Baban Riziki," takan ce tana kankare kwakwa, "ministan nan da kake ta faɗa da shi ya daɗe da mutuwa. Miƙo mini takardar in hura wuta."